Kiɗan Alhamis a Bayan Katanga

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu na da ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ko da wasa, ko cikin faɗa. In ta kama dole ta ambace ni, sai ta ce "waccan", ko kuma "'yar gidan Iya". In wata baƙuwa ta yi rashin sani ta tambaye ta, "Wannan ce babbar taki?" sai ta sunkuyar da kai ta shiga neman abin da bai ɓata ba a cikin kwano. Alkunya ke nan. Mutane suna yaba ta, ni kuwa da aka yi ta a kaina ban taɓa ganin kyanta ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na gani ba.

Iya ita ce kakata, wadda ta haifi Baba. Ana yaye ni aka miƙa mata ni, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari. Gidanta da na Baba a unguwar Limawa suke, cikin Dutse, bayan wannan yana jingine da bayan wancan, katangar ƙasa guda ce ta raba su. Amma ƙofofin ba sa kallon juna. In za ka je gidan Baba daga na Iya, sai ka fita ta zaure, ka bi lungu, ka zagaya ta gindin wata bishiyar dabino, sannan ka shiga. Mahaifiyata daga wata rugar Fulani ta wajen Garki aka auro ta, ƙannen Baba mata suna ce mata Adda, ni ma na buɗe baki na ji ana faɗa na ɗauka. Ƙannena da suka tashi a ɗakinta Umma suke cewa. Ni har yau bakina bai iya ba.

Baba direban babbar mota ne, yana ɗaukar hatsi tsakanin Ringim da Kano. Wata rana ya dawo da wani akwati naɗe cikin bargo, ya hana kowa taɓawa, har shi kansa da ƙyar ya yarda da hannunsa. Talabijin ce mai hoto baƙi da fari, tana da ƙofar katako da ake ja gefe kamar ta kabad. Lokacin wuta ba ta iso lungunmu ba, da batirin mota take aiki. Eriyar kuwa a kan doguwar gora aka ɗaure ta, aka jingina da dabinon nan na lungu. Duwatsun garinmu ba sa son baƙo, sukan tare hoton da ke tahowa daga Kano, sai gilashin ya cika da tsaki kamar an watsa gero. Sai wani ya fita ya riƙa juya gorar, na ciki suna ihu, "Ya yi! A'a, ya tafi! Koma baya kaɗan!" Da yawa daga cikin manyan mutanen da ake ji da su yanzu a garin nan sun taɓa riƙe gorar Baba, ko da yake ba za su so a tuna musu ba.

Tashar a wancan zamani ba ta kwana a buɗe. Sai la'asar take tashi. Kafin ta fara, wasu layuka ne a tsaitsaye suke cika gilashin, da wani fito mai tsawo da ba ya hawa ba ya sauka, kuma wallahi shi ma zama muke yi mu kalla. Kowane shiri da kiɗan da yake buɗewa da shi, kuma mun san su kamar yadda muka san tafiyar mutanen gida. In ka ji kakaki, ka ga duniya tana juyawa a hankali, labarai ne, yara su watse manya su matso. In ka ji gangar noma, ka ga shanu biyu suna jan garma har su fice daga gilashin, shirin manoma ne, wanda Baba yake gardama da shi kamar mai gabatarwar yana jin sa. Akwai na kokawar Turawa, mai kiɗa kamar ana jefa kwanuka a rijiya. Iya ta gan shi sau ɗaya ta ce ƙatti marasa kunya, ba ta sake leƙowa ba.

Amma kiɗan da ya fi kowanne shi ne na wasan kwaikwayon ranar Alhamis. Ya faɗo daidai, domin ranar babu makarantar allo. Da sarewa yake farawa, siririya, ta hau sama ta tsaya, ta sake hawa, kamar mai kiran wani da ke can ƙarshen gona. Sai kalangu ya amsa mata, sai garaya ta shigo su tafi tare. A gilashin kuwa, wani hannu ne yake turo ƙyauren zaure, akuya ta fito a guje. Sai ga wani mai ƙaton tumbi a kan keke, ya rataya kaji a kan sitiyari, yana tangaɗi zai faɗi bai faɗi ba. Wata mata mai tallan fura ta kauce masa tana zaginsa da hannu. Sunayen 'yan wasan suna hawowa daga ƙasa, waɗanda suka fara boko suna rige-rigen karantawa. Duk mako haka yake, ba ya canzawa, kuma duk mako sai mun riƙe numfashi ko yau mai keken zai faɗi.

Baba yakan yi kwanaki a hanya, don haka Adda ce mai kula da talabijin. Ita take cire mata ƙyallen da ta yi wa ado da zare, ita take maƙala wayoyin a kan batir. Mace ce da ba a jin muryarta, ko tsawa za ta yi wa yaro sai ka matso ka ji. Amma ranar Alhamis, da sarewar nan ta fara, sai ta murɗa abin murya har ƙarshe. Kiɗan ya cika tsakar gida, ya haye katanga, ya faɗo gidan Iya. Duk abin da nake yi nan nake yar da shi. Na taɓa barin tsintsiya a tsakiyar shara, na taɓa barin Iya da rabin kitso tana ƙwala mini kira tana cewa ja'ira. In na zuba a guje, kafin mai keke ya gama tangaɗinsa na iso ƙofar ɗaki ina haki. Adda ba ta kallona. Sai dai ta miƙa hannu ta rage muryar, ta miƙe, ta nufi murhu.

In Baba yana gari yakan yi mita.

"Wai ke kurma ce? Batirin nan fa sai an ɗauke shi an kai tasha a yi masa caji."

"Hannuna ne ya zame," in ji ta.

"Wannan hannu naki, Alhamis kaɗai ya san zamewa."

Sai ta ci gaba da aikinta. Mu dai duk gidan mun yanke hukunci cewa Adda tana son wasan nan fiye da kowa, har ƙannen Baba suna tsokanarta wai mai keke ya sace mata zuciya. Takan rufe baki da gefen mayafi ta ce su ji tsoron Allah.

Shekarar da na shiga aji uku ƙyanda ta kama ni, ta kama ni da gaske. Idona ya rufe, bakina ya fashe, ina kwance a ɗakin Iya kamar an ɗora ni a kan garwashi. Baba ya fasa tafiya. Gwaggo, ƙanwarsa, ta baro gidan mijinta ta tare a wurinmu. Maƙwabta suna ta shigowa. Adda ta zo sau ɗaya, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta durƙusa ta ce, "Iya, ya mai jiki?" Iya ta ce da sauƙi. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta tafi. Ban ga fuskarta ba don idona a rufe yake, amma na ji takunta har ya ɓace, kuma na jira ya dawo bai dawo ba.

Washegari da la'asar sai na ji kiɗan. Ba Alhamis ba ce, kuma ba talabijin ba ce. Muryar Adda ce daga bayan katanga, tana bin sarewar a maƙogwaro, bakinta a rufe, ta hau ta tsaya, ta sake hawa. In ta kai ƙarshe sai ta koma farko. Wajen da take tsaye ba wajen aiki ba ne, itace kawai ake jibgewa a nan. Na ce, "Iya, kin ji Adda? Ina nan zan mutu, ita waƙa take yi."

"Rufe mini baki," in ji Iya. "Me kika sani?"

Na ji tana jan hanci, na ɗauka hayaƙin turaren da take yi mini ne. Haka Adda ta yi ta yi kullum har na tashi. Ni kuwa na ƙulle abin a raina, na girma da shi. Duk lokacin da wata ta ce mini ai uwa uwa ce, kunya ce kawai, sai in tuna ina ƙuna tana waƙa, in ce a raina ku dai ba ku sani ba.

Shekaru suka tafi. Aka daina wasan Alhamis ba tare da an yi mana sallama ba, wani mako dai muka zauna sai muka ga wani abu dabam. Aka ba mu jiha, garin ya cika da ma'aikata da sababbin gine-gine, wuta ta iso lungunmu, talabijin mai kala ta shigo, tsohuwar ta koma ƙarƙashin gado aka cika cikinta da tsummoki. Gorar ma aka sauke aka yi shanya da ita. Iya ta rasu ina makarantar horon malamai. Gwaggo, wadda mijinta ya riga ya rasu, ta dawo ta zauna a gidan, na ci gaba da zama a wurinta. Tun da aka daina wasan, shigata gidan Baba ta zama sai da dalili, domin babu abin da yake kira na.

Ranar da za a kai ni gidan mijina a Ringim, Adda ta bar gidan tun safe ta ɓuya a maƙwabta, kamar yadda uwar ɗan fari take yi. Aka zaga da ni na yi sallama da kowa, ita ba a gan ta ba. Mata suna ta yaba mata, wai kunyarta ta Fulanin asali ce. Na shiga mota ina kuka, kowa ya ɗauka kukan amarya ne.

Da na haifi tawa 'yar farin, na rantse alkunya ta ƙare a kaina. Na riƙe abata na ƙi bayarwa. Ina kiran sunanta tun daga tsakar gida har a ji a titi, ina goya ta a gaban surukaina, ina yi mata wasa a gaban kowa. Tsofaffin unguwa suka ce 'yar boko ce, ba ta da ta ido. Na ce na ji, na kuma gode. In na kawo ta Dutse, Adda takan karɓe ta ta rungume, ta kira sunanta ta sake kira, kamar mai jin daɗin sunan a baki. Ni kuwa ina zaune a gefe sai ta dubi ƙanwata ta ce, "A tambayi 'yar gidan Iya ko ta ci abinci." Ina jin ta, tana ji na, amma sai an bi ta kan wani.

Bayan rasuwar Baba da 'yan shekaru, ɓarin jikin Adda ya shanye. Aka yi asibiti aka dawo gida, likita ya ce sai dai kulawa. Magana ta rage mata kaɗan, hankalin kuma yana zuwa yana tafiya. Na ɗauki hutu daga makarantar da nake koyarwa na taho. Ni da ƙanwata mai bi mini muka raba aikin: juyi, wanka, kunu a cokali, shafa mai a baya don kada kwanciya ta ci ta. A lokacin ni ma furfura ta fara fito mini, ina da jika.

In hankalinta ya tafi, sai ta kama kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Ta kira ƙanwata, ta kira mazan, ta kira autanmu, ta kira har wanda ya rasu yana jariri, wanda ni kaɗai nake tuna fuskarsa. Takan kira 'yan uwanta na ruga da suka daɗe a ƙasa. Wata rana har wata saniyar babanta ta kira. Ina zaune a bakin gadon, hannuna a kan ƙafarta, ina jira. Na ce a raina, yanzu dai hankali ya gushe, kunya a cikin hankali take zaune, in ya tafi ai za ta bi shi. Ba kuɗi nake so ba, ba gado ba, ba ma albarka ba, don na san tana sa mini ta bakin wasu. So nake in ji sunana a bakin matar nan sau ɗaya kafin a rufe ta. Sai ta zo daidai inda ya kamata ta fara da ni, ta tsallake, kamar mai tsallake kwata.

Autanmu ne ya zo da dabara. Ya ce tunda Umma tana son wasan nan na da, bari ya nemo mata a waya ko zai faranta mata rai. Ya yi ta nema, har ya samu wani da ya ɗora guda ɗaya, hoton ya dushe, murya tana shaƙewa. Muka taru a ɗakin, har Gwaggo ta dogaro sandarta ta zagayo. Ya kunna. Sai kawai ga mutane a zaure suna gardama. Babu sarewa, babu akuya, babu mai keke. Wanda ya ɗora ya yanke farkon, a ganinsa ai wannan ba wasa ba ne, ɓata lokaci ne. Na ji kamar an shigar da ni gida ta taga.

Duk da haka muka kalla. Muna nuna 'yan wasan muna cewa wannan ya rasu, wannan ma ya rasu, wannan an ce ya makance. Autan ya kai wayar dab da fuskar Adda.

"Umma, ga wasanki. Kin gane mai tumbin nan?"

Ta dube shi, ta dubi wayar kamar an nuna mata bango, ta lumshe ido.

"Ikon Allah," in ji shi. "Har wannan ta manta."

Gwaggo ta yi wata 'yar dariya ta tsofaffi. "Ta manta me? Yaushe ta taɓa sani? Ku da kuke zaune a ɗakin, wa ya taɓa ganin ta zauna ta kalli wasan nan?"

Muka dubi juna. Ƙanwata ta ce ai girki ne yake tashinta. Gwaggo ta ce to, ta jawo sandarta. Ni a lokacin raina yana wani wuri, ban bi maganar ba.

Kwana biyu bayan haka abin ya ci ƙarfina. Da la'asar ne, na gama ba ta kunu, idonta a buɗe tar, hankalinta yana nan, na tabbata yana nan. Ƙanwata tana ninke kaya a gefe. Na matso na kama hannunta mai lafiyar.

"Adda, dube ni. Ni wace ce?"

Ta kawar da ido.

"Adda, Iya ta rasu. Baba ya rasu. Babu surukin da ya rage da za ki ji kunyarsa. Ni da ke ne. Ki faɗa sau ɗaya, ba zan sake roƙonki ba."

Ƙanwata ta ce, "Yaya, don Allah."

"Ki bar ni. Saniya ma an kira ta."

Adda ta yi ƙoƙari da kafaɗar da ke motsi, ta juyar da fuskarta bango. Na ga gefen kuncinta yana rawa, amma bakin nan ya ƙi buɗewa. Na saki hannun. Ina da zuciya, kowa ya sani, Iya ma ta sha cewa a wurin Baba na gado ta. Na ɗauki mayafina na fice, na bi lungu, na zagaya ta gindin dabino, na shiga gidan Gwaggo. Na zauna a kan turmi a gindin katanga, na ce gobe da sassafe Ringim zan koma, masu suna su yi jinyar uwarsu. Gwaggo tana kan tabarma tana jan carbi.

Ban daɗe da zama ba na ji shi. Da farko na ɗauka sauro ne a kunnena. Siririn sauti ne, yana fitowa ta tagar ɗakinta da ke kallon katangar, yana karyewa yana sake haɗuwa. Ya hau ya tsaya. Ya sake hawa. Sarewar ce. Rabona da jin ta tun ina budurwa, amma kafin kaina ya gama ganewa ƙafafuna sun miƙe. Na tsinci kaina a zaure, na tsinci kaina a lungu, mace da jika tana gudu ba takalmi, yara suna kallo. Na ɗaga labulen ɗakin ina haki.

Sautin ya tsaya cak. Fuskarta tana bango.

Ƙanwata ta dube ni. "Lafiya, Yaya?"

"Me take yi yanzu?"

"Wannan? Ai kullum ne. Tun da kika zo take yi. Ko kasuwa kika je, ko wanka kika shiga kika daɗe, sai ta kama. Kina shigowa ta daina. Na ɗauka kin sani."

Ina zan sani? Abin da ba a yin sa sai ba na nan. Na tsaya riƙe da labule, sai hannun nan da yake zamewa duk Alhamis ya dawo mini, da yadda take rage murya da zarar inuwata ta faɗo ƙofa, da matar da ke tsaye a wajen itace tana maimaita kiɗa ɗaya ga yarinyar da ba ta da ikon zuwa ta taɓa goshinta. Na zauna a ƙasa, na kifa kaina a gefen katifarta, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai ni Ringim. Ba ta juyo ba. Can sai na ji yatsunta a kan ɗankwalina, suna gyara shi, kamar dai ɗankwalin ne ya karkace.

Na ce, "Na'am, Adda. Na zo."

Ban koma Ringim ba. Kuma ban sake tambayarta ni wace ce ba. Amma wani hali ya same ni wanda har yau ban san ko in kira shi wauta ba. Na zama mai kwaɗayi. Abin da na yi rayuwata ina nema ashe yana nan, sai dai ba a ba ni shi sai na fita. Don haka kullum da la'asar, in na gama ba ta kunu na gyara mata kwanciya, sai in miƙe in ce, da ƙarfi yadda za ta ji, "Bari in leƙa Gwaggo." In zagaya in zauna a kan turmin nan in kasa kunne. Ba a daɗewa sai ta fara. Nakan bar ta ta kai inda kalangu yake shigowa, don in ji da yawa, sannan in taso. Wani lokaci ina shigowa nakan ga kamar gefen bakinta mai lafiyar ya ɗan motsa. Ina jin ta gane wasan da nake yi, ta kuma yarda mu yi shi tare.

Gwaggo takan ce, "Ke da uwarki, Allah ya shirye ku. Ga ƙofa a buɗe, sai kun bi ta katanga."

Ƙanwata kuwa ba ta so. Ta ce numfashin Umma ba shi da yawa, ina sa ta tana ƙarar da shi. Gaskiya ta faɗa, na kuma sani. Muryar tana ƙara sirancewa kullum. Da tana kaiwa har garaya, sai ta koma iyakarta kalangu, daga baya sai hawan farko na sarewar kawai, shi ma sai na manna kunnena da katanga. Na ce wa kaina zan daina. Kowace rana sai in ce yau ce ta ƙarshe.

Ranar da abin ya faru, tun safe ba ta karɓi komai ba, ruwa ma sai da auduga muke ɗiga mata. Mazan sun zo sun zauna a zaure. Da la'asar ta yi, na duba fuskarta, idonta a rufe, ƙirjinta yana hawa da sauka a hankali. Ƙanwata ta kama gefen zanena.

"Yaya, yau kam ki zauna."

Na ce, "Yanzu zan dawo. Sau ɗaya kawai."

Na sunkuya dab da kunnenta na ce, "Adda, bari in leƙa Gwaggo." Na fita, na bi lungu, na zagaya ta gindin dabino. Gwaggo tana can ɗakin Adda tare da sauran, gidan ba kowa sai kaji. Ban zauna a turmi ba, na tsaya na jingina kuncina da katangar, ƙasar tana da ɗumin rana. Ina jin tattabaru a saman soro. Ina jin wani mai babur yana wucewa a titi, da talabijin ɗin maƙwabta tana wani kiɗa na zamani da ban sani ba. Na toshe ɗaya kunnen da yatsa. Na ce bari in ƙara jira kaɗan, wataƙila tana tattara numfashi ne.

Ina nan tsaye na ji taku a zaure. Autanmu ne, ya zagayo ta lungu, hularsa a hannu. Ya tsaya daga nesa ya ce, "Yaya."

Na ɗaga masa hannu na ce ya yi shiru, kada ya sa in rasa ji.